Almakashin Kicin a Lambun Misis Ashdown

Zuwa ga 'yata Saudatu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikana Hamza, wanda har yau a waya kawai nake ganinsa. Allah ya raya shi, ya sassauta muku sanyin Winnipeg. Mu nan Worthing sai godiya, ban da gwiwar nan da kika sani. Innarki Moira ta fito daga asibiti, har ta koma faɗa da maƙwabcinta a kan shinge, kin ga kuwa ta warke.

Na zaɓi takarda ne don a waya bakina ya saba da yi miki ƙarya. Saude, kameliya, shukar furen nan ta mahaifiyarki Hilary, ta mutu tun watan Janairu. Duk Lahadin da kika tambaya na ce miki ta fara toho, busasshen kara nake kallo a tukunya, a bakin ƙofar kicin. Bayan rasuwar Hilary kin gaya mini, kin maimaita a filin jirgi: ruwan sama kawai, ban da na famfo, don na garin nan alli gare shi. Na ce to. A raina kuwa na ce shekara talatin da huɗu ina shan ruwan nan ban mutu ba, ita wace ce? Ganye ya yi rawaya, ya zube ɗaya bayan ɗaya, ban daina zuba mata na famfon ba. Taurin kaina ne ya kashe ta.

Da kika ce za ki zo a Yuni ki ɗauki hoton Hamza kusa da furen kakarsa, sai na rasa inda zan sa kaina. Na tuna inda Hilary ta samo ta, lambun Misis Ashdown, wanda ake buɗe wa jama'a sau biyu a shekara, Afrilu da ƙarshen Agusta. Ranar Asabar na sa kwat, na jefa almakashin kicin a aljihu, na shiga bas. Niyyata in yanko reshe in dasa a tukunyar, ki zo ki tafi ba ki sani ba. Na bar tsofaffi suna layin shayi da kek, na zagaya bayan tafki. Uwar kameliyar tana nan, ta ninka ni tsawo, jajur da fure, ƙasa ta rufe da waɗanda suka zubo. A nan ne, shekara ashirin da biyu da suka wuce, mahaifiyarki ta karya reshe ta naɗe a jiƙaƙƙen hankici ta cusa a jaka. Tun daga nan har gida ina yi mata faɗa, ina cewa in ita aka kama dariya za a yi, in ni ne 'yan sanda za a kira. Har yau ban ce ƙarya na faɗa ba, amma na ɓata mata ranar a banza.

Na kama reshe ke nan sai na ji an taɓa ni da sanda. Misis Ashdown ce, ta rankwafa, takalmin roba duk laka. Ta ce in ba farce na zo yanke mata ba, in mayar da almakashin nan aljihu. Ta ce rabin furannin ƙauyen a lambunta aka sace su, kuma ba ɓarawon da ta manta. Wai ni ne dogon nan da ya juya baya yana kallon sama kamar bai san matarsa ba. Ta tambayi lafiyar Hilary. Na gaya mata. Daga nan na zazzage mata komai, har ruwan famfon. Ba ta lallashe ni ba. Ta ce matata ta fi ni iya sata, don ita a Agusta ta yi tata. Reshen Afrilu ba ya kamawa, in ma ya kama sai ya shekara bai wuce yatsa ba. Sai ta tambaye ni 'yar tawa makauniya ce ko wawuya. Na ce ko ɗaya. Ta ce to, malam, tafi ka gaya mata.

Na daɗe ina cewa mutanen ƙasar nan tausayinsu a kan kare da fure ya ƙare. Dole in yi adalci: tsohuwar nan ta zaunar da ni, ta zuba mini shayi da hannunta, ta ce in kawo ki a Agusta, ke za ki yanka, ita za ta riƙe miki reshen.

Ga roƙona. In zai yiwu, ki ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Agusta. In Yunin ya fi miki, ki zo, za ki tarar da karan a tukunyarsa, ban jefar ba. In kin yi fushi, kin yi daidai, ki yi na furen, ki yi na ƙaryar.

Ki gaida maigidanki Yusha'u, ki sumbatar mini Hamza. Moira tana gaishe ku, ta ce tuntuni ta gani, jira take ta ga yaushe zan yi magana. Bokiti biyar na jera a waje don tarar ruwan sama. Shekara talatin da huɗu ina tsine wa ruwan saman ƙasar nan, yau ga ni ina leƙa gajimare ina roƙon a yi.

Mahaifinki,
Ɗayyabu