Gambar da Baba Ya Dasa

Fagam, farkon damina

Assalamu alaikum, ƙanwata Munawwara.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki Malam Sada da yara. Inna tana gaishe ki, mai ɗakina Sharifa ma haka. Barau direba na ba wannan takarda, don kin san ni da waya tun da sanƙarau ya taɓa min kunne. Ki yi ta magana ina ta cewa "to", alhali ban ji komai ba.

Maganar kwazazzabon nan ne na bayan gida, wanda ya sauko daga gonarmu. Bara da kika gan shi kin ce ko akuya za ta tsallake. To bana ko doki sai ya yi shawara. Ruwan farko kaɗai ya tuge zogalen Inna, kuma yanzu tsakanin ramin da bangon ɗakinta bai fi tsawon tabarma biyu ba. A ɗakin nan aka haife mu, a cikinsa Baba ya cika.

Na san inda abin ya fito. Shanun Manu makiyayi ne. Burtalinsu ta saman gonarmu ya bi, safe da yamma suna taka ƙasa har ta zama kamar daɓe, ruwa ya rasa inda zai nutse sai ya gangaro mana. Ban manta ba cewa tun zamanin Baba shanunsa ke kwana a gonarmu da rani muna samun taki. Amma garkensa ya ƙaru, ni kuma ba zan zuba ido gida ya tafi ba. Na jera buhunan yashi a bakin ramin, kuma zan kai magana wurin dagaci a toshe burtalin.

Ki gai da yara. Allah Ya bar zumunci.
Yayanki, Yahuza

Birnin Kudu

Wa alaikumus salam, Yaya.

Takardarka ta iso, kowa lafiya, sai dai ta hana ni sukuni. Ina aji ina koya wa yara lissafi, hankalina yana bayan ɗakin Inna.

Yaya, kai da buhunan yashi kamar mai gyaɗa da mudu, ba a raba ku. Bara ka jera, ruwa ya kwashe. Bana ka sake jerawa. Ni a ganina abin nan ya fi ƙarfin fartanya da buhu, aikin siminti ne da magudanar ruwa irin ta birni. Malam Sada ya ce zai nemi wanda ya san hanyar kai kuka ƙaramar hukuma, amma ka san tafiyar irin wannan takarda, sai damina ta wuce ba ta fito daga ofis na farko ba. Kafin nan ka sa Inna a motar Barau. Na gyara mata ɗaki, ta zauna da mu har kaka.

Maganar Manu kuwa, ka bi a hankali. Burtalin nan ya girme ni, ya girme ka, kuma da can bai ci mana gida ba. Matarsa ce ta yi ta kawo wa Inna nono lokacin jinyar Baba. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

A gaishe min da Inna da Sharifa. Na haɗo wa Inna man zafi.
Ƙanwarka, Munawwara

Fagam

Salamu alaikum, Malama Munawwara.

Gaisuwa da fatan alheri. Na karanta wa Inna saƙonki. Ta ce man zafi ta karɓa ta gode, amma ɗakinta ba ta barinsa, wai in ya tashi faɗuwa ya same ta a ciki. Kin san ta.

Tsiyar da kika yi min ta kama ni. An yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, buhunana sun tafi har da wanda na aro. Tabarma ɗaya ta rage, kuma bango ya fara tsagewa daga ƙasa. Sai dai ke ma simintinki yana birni, ni kuma ruwa yana bayan ɗakina. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Na je wurin dagaci. Ya ce zai tara mu da Manu bayan kasuwa mai zuwa. Jiya mun haɗu da Manu a hanyar masallaci, ya miƙo hannu muka gaisa, kowa ya kama gabansa. Abin bai yi min daɗi ba, ba zan ɓoye miki ba.

Ki sa mu a addu'a.
Yahuza

Birnin Kudu

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaisuwa, ina kuma roƙonka ka karanta wannan a zaune.

Na je suna Unguwar Ya, gidan ƙanwar Malam Sada. Ruwa ya tsare mu, da ya ɗauke muka biyo ta gonaki a ƙafa saboda hanyar mota ta cika. A kan iyakar wata gona sai na ci karo da layin gamba, na tsaya ina neman inda zan ratsa. Nan na ga abin da nake gani tun ina yarinya amma ban taɓa kallonsa ba. Ta saman layin ƙasa ta taru har kusan gwiwata, ruwa yana kwance a kai yana nutsewa a hankali. Ta ƙasan layin kuwa ko zaizaya babu. Na sa hannu na ja gindi ɗaya, ko motsi bai yi ba, saiwarsa ta kama ƙasa gam. Matan da muke tare suka yi ta min dariya, wai malamar makaranta ta zo ƙauye tana kokawa da ciyawa.

Ka tuna layukan gamba biyar da Baba ya dasa a gonarmu? Duk a kwance suke, sun gitta gangaren, babu wanda ya miƙe daga sama zuwa ƙasa. Mutane suna masa ba'a wai ya yanka gona kashi shida yana jiran 'ya'ya shida, ga shi mu biyu ne. Shi kuma Baba ka san shi, sai ya yi murmushi ya wuce. Mu duka mun ɗauka iyaka ce, don a wurinmu gamba aikinta biyu ne, iyaka da zana. Yaushe ramin nan ya fara? Ina jin damina biyu bayan an cire su.

Na janye maganar siminti. Yaya, ka mayar da gamba a gonar, layi-layi yadda take, tun marka ba ta yi nisa ba.

Ƙanwarka, Munawwara

Fagam

Salamu alaikum.

Na ga takardarki, na kuma fahimta.

Ranar da aka yi sadakar arba'in ɗin Baba, kawunnanmu suka ce a raba gona. Na tashi a gaban kowa na ce ni da ƙanwata babu iyaka a tsakaninmu, gandu ɗaya ne har mu mutu. Da hannuna na tuge gambar nan, sai da tafina ya yi kanta. Duk kaka ina aiko miki da hatsinki ba tare da na auna ba.

Kin san abin da ake nufi a garin nan in an ga mutum yana dasa gamba a tsakiyar gonar gado. Ba sai kin biyo ta bayan gida da zancen ruwa ba. In rabonki kike so, ko Malam Sada ne yake so, haƙƙinki ne, Allah ne Ya ba ki. Ki sa rana in kira liman a raba.

Wassalam.
Yahuza Iliyasu

Birnin Kudu

Assalamu alaikum, Yaya.

Ina gaishe ka duk da ka sa ni kuka a gaban 'ya'yana. Har da sa hannu da sunan Baba, kamar kana rubuta wa alƙali.

Ban manta ranar nan ba. Ina bayan zana ina jin ka, kuma ban taɓa alfahari da kowa kamar yadda na yi da kai ba. Ba na son ko taki ɗaya na gonar nan da sunana. In ka kira liman, ka kira shi ya yi mana addu'a.

Amma dubi abin da ya same mu. Ni na ga rami na ce siminti, don shi nake gani a birni. Kai ka ga rami ka ce shanu, don kowa in gona ta lalace shanu yake cewa. Yanzu na ce gamba, ka ji rabon gado. Shi kuwa ruwa bai san gado ba, gangare kawai ya sani, kuma yana nan yana cin bangon Inna muna musu.

Abu ɗaya nake roƙo. Ban da biyar ɗin nan, akwai layin iyaka da ba ka cire ba, na can sama, tsakaninmu da burtali. In an fara ruwa kada ka tsaya a bakin rami kana kallon inda ya ƙare. Ka hau sama ka ga inda ya fara. In ka ga daga burtali yake zuwa, na yi shiru har abada.

Ƙanwarka ko ka so ko ka ƙi,
Munawwara

Fagam

Assalamu alaikum, ƙanwata.

Gaisuwa, da neman afuwa.

Na hau. Ruwan la'asar ne, na yafa buhu a ka na tsaya a jikin layin saman. Ruwan burtali yana zuwa ya daki gamba ya kwanta, kaɗan ne yake tsiyayowa. Daga ƙasan layin kuwa, cikin gonarmu da na share fes, nan yake haɗuwa. Yana bin kunyoyin da nake huɗa daga sama zuwa ƙasa don shanun huɗa sun fi jin sauƙi, kowace kunya ta zama masa hanya, har su haɗe su nufi gida. Ashe na bar jaki ina dukan taiki. Na daɗe a tsaye a wurin ruwa yana dukana.

Ban sauko da wuri ba. Bangon baya na ɗakin Inna ya zauna a wannan ruwan. Alhamdu lillahi tana madafa tare da Sharifa, ko ƙwarzane ba ta yi ba. Mun kwashe kayanta zuwa ɗakina. Sauran bango uku suna tsaye, in ramin ya tsaya za a iya tayar da shi da rani.

Washegari na je rugar Manu kafin in je wurin dagaci in janye ƙara. Na fara ba shi haƙuri ya ce a bar maganar. Da na gaya masa abin da nake nema, ya ce gamba ai ta cika bayan rugarsa, in tona iya son raina, kuma ya ba ni amalanke. Mun dasa layi biyu. Liman har ya aiko a tambaye ni ko lafiya tsakanina da ke, kuma an ce a kasuwa zancenmu ake. Na ciji haƙori na ci gaba.

Inna ta sa na maimaita mata bayaninki sau biyu. Ta ce Sharifa za ta rubuta miki nata, ga shi a haɗe.

Yayanki, Yahuza

Fagam

Munawwara, ina gaishe ki, Allah Ya yi miki albarka. Sharifa ce take rubutawa, ni nake faɗa.

Yayanki ya ce wai gambar mahaifinku ta tare ruwa ce. Ni tun ranar da ya dasa ta, da mata suka ce ya yanka gona shida yana jiran 'ya'ya, na ɗauka gori yake min don biyu na haifa. Kunya ta hana ni tambaya, shi kuma ba mai magana ba ne. Ban ƙara taka gonar nan ba. Ranar da aka tuge ta har daɗi na ji, Allah Ya yafe min. Ashe ɗakina yake tsarewa.

Layi uku sun rage. Ki zo ranar Juma'a ku dasa tare da yayanki, masu magana su gani. Na can ƙasa, na kusa da ɗakin, ku bar min shi, ni zan dasa.

Ki gai da mijinki da jikokina.
Innarku