Maɓallin da Ke Bin Hagu

Zuwa ga ƙanena Bahago,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya da rufin asiri a duk inda kake, tunda dai ba ka ga damar gaya mana wurin ba. Mu nan sai godiya. Ƙafar Umma ta yi sauƙi, har tana shanya wanki da kanta, sai dai ba ta rabuwa da wayarta, ko ɗakin girki za ta shiga tana hannunta, wai kada ka kira ba ta kusa. Auta ta yi tsawo har ta wuce ni, bakinta kuwa ya fi ta tsawo. Maigidana yana nan da motarsa, yau hanya gobe gareji. Baba yana shago kullum. Ya rame, amma in ka yi magana sai ya ce rigar ce ta buɗe. Tun ranar da ya kama ka kana sassaƙa 'yan mutum-mutumi da katakon ƙofar mutane, ya ce kada ya ƙara ganin fuskarka, ba wanda ya sake jin sunanka a bakinsa. Kai kuma ka ɗauki maganar fushi ka riƙe ta kamar wasiyya, ka tafi, lambarka ta daina shiga.

To, ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba. Zargi nake yi, kuma ka san ni, in abu ya tsaya mini a wuya sai na amayar da shi nake samun barci.

Wasan nan da ka koya mana bai mutu ba. Duk Asabar da yamma, in an rufe aiki, muna shimfiɗa allon nan mai gida-gida a kan babban teburin shagon Baba, kowa ya ɗora ɗan mutum-mutuminsa, a jefa ɗan lido mai ɗigon lambobi, Tela ɗan Kawu yana ba da labari mu kuma muna yawo a cikinsa, ni da Auta da maigidana. Naka ne kawai babu, maharbin nan mai baka a hannun hagu. Tun ranar da ka tafi muka neme shi muka rasa, kowa ya ɗauka Baba ya jefa shi wuta. Baba bai hana mu wasan ba, bai kuma taɓa kallon allon ba. Yana zama a bakin ƙofa, ya ba mu baya, yana wasa zarto da magagari.

Ana nan, muna tsakiyar wani rusasshen gari a cikin labarin, sai Tela ya ce akwai wani mai layar zana da ke biye da mu, ana jin takunsa, ba a ganinsa. Daga nan rigima ta tashi a kan yadda za a yi da shi a allo. Da fari Tela ya ɗora murfin kwalba ya ce mu yi kamar ba mu gani ba. Ka san maigidana, ba ya iya yin kamar bai ga abu ba; sai ya ce jaruminsa ya yi tuntuɓe, takobi ya suɓuce, ya faɗa daidai kan murfin. Sai Tela ya ɗauke murfin, ya ce zai riƙe gidan da mai layar yake a cikin kansa. Ni kuma na ce ban yarda ba, don abin da ke cikin kan Tela ba mai shaida a kai, duk inda muka kai sara zai ce yanzu ya bar wurin. Da ƙyar muka daidaita: ya kawo baƙaƙen maɓallai uku daga shagonsa, ɗaya da jan zare ɗaure a ƙarƙashi. Duka ukun suna tafiya a allo, amma mai zaren ne na gaskiya, sauran biyun taku ne da inuwa. In aka kama shi kuwa, dole a cire maɓalli a ɗora mutum-mutumi kowa ya gani. Ni na kafa wannan doka, kuma Tela ya amsa a gaban kowa.

A nan ne na fara lura da wani abu. Duk lokacin da tafiya ta zo kan mai layar zana, sai Tela ya ɗauki hoton allo da waya, wai don kada ya manta. Sai ya ce ya bar dutsen guga a kunne, ya fita, ya dawo yana murmushi, sannan ya matsar da maɓallai. Wani lokaci ya dawo fuska a murtuke, ya ce mai layar zana ya laɓe, sai mako mai zuwa. Tela da ba ya barin ko allura a waje, shi ne yake barin dutsen guga a kunne duk Asabar? Na ce ruwa ba ya tsami banza. Na fara zargin cuta yake mana, yana tambayar wasu gwanaye yadda zai kashe mu. Auta ta ce budurwa ya yi. Na bi diddigi wajen matar Kawu, ta ce ina ma, da ta yi sadaka.

Sai na daina kallon Tela, na koma kallon maɓallan. Biyu suna tafiya irin tafiyar Tela, a miƙe, kamar ɗinki. Na ukun kuwa kullum ta hagu yake zagayowa, ko da hanyar dama ta fi kusa. In ya buɗe ƙofa a labarin, ba ya rufewa. Bai taɓa taɓa jarumar Auta ba, har ma da kura ta tare ta, sai ga kibiya daga inda ba kowa. Ni kuwa tawa jarumar ba ta da sakat: yau an zare mata ɗankwali ta baya, gobe an cinye mata guzuri an bar mata jakar a ɗaure kamar ba a taɓa ba. Bahago, mutum ɗaya na sani a duniya da yake cinye wa mutum abinci ya mayar da murfi ya jera cokali, kuma ni na goya shi. Na ce lalle biri ya yi kama da mutum.

Na tare Tela a shagonsa na tambaye shi ko yana da lambarka. Sai ya cika baki da allurai, ya duƙufa kan wuyan wata riga da ya riga ya gama. Na ce ya rantse. Ya nuna mini bakinsa, wai ba halin magana. Na zauna a kan benci na ce ina jira. Ya ɗinke wuyan nan, ya farke, ya sake ɗinkewa, allurai dai ba su fito ba. Ran nan na koma gida da fushi, kuma ba zan ɓoye maka ba, fushin da kai nake. Kana da lokacin zare mini ɗankwali daga wata uwa duniya, ba ka da lokacin ce wa Umma kana raye?

Asabar da ta wuce na shirya maka. Muka shiga wani ɗakin ajiya a labarin, na ce jarumata ta ɗauki buhun gari, za ta watsa, duk wanda garin ya zauna a jikinsa ya bayyana. Tela ya fara kame-kame, ya ce sai na zaɓi gefe guda kuma sai ɗan lido ya ba ni. Na jefa, ya ba ni. Na duƙa na debi dusar katako a ƙarƙashin tebur na barbaɗa a kan maɓallin hagu. Auta ta kai hannu ta juya shi, sai ga jan zare. Na ce to, doka, a ɗora mutum-mutumi. Tela ya shiga laluben aljihu, yana cewa bai tanadi ko ɗaya ba, a yi masa haƙuri zuwa mako mai zuwa.

A lokacin ne muka ji ƙarar magagari ta tsaya. Baba ya miƙe, ya ciro makulli, ya buɗe aljihun teburin da yake ɓoye kayan aikinsa masu tsada. Ya fito da maharbinka. An shafe shi da mai yana ƙyalli, bakan da ya karye tun kana nan an yi masa sabo, aiki mai kyau irin na Baba. Ya ture maɓallin da ɗan yatsa, ya dasa maharbin a gidan, ya hure dusar da ke gefensa.

"Ku kuna da ido kuka kasa ganinsa," in ji shi. "Ni da kunne na ji. Wannan bin hagun tun yana rarrafe yake yin sa."

Ya koma bakin ƙofa ya zauna, ya ɗauki zarto, amma har muka tashi bai ƙara goga shi ba. Da Auta za ta naɗe allo sai ya hana. Ya ce kada wanda ya taɓa maharbin, kuma ba waya ba hoto, sai mai shi ya faɗi inda zai taka da bakinsa, kowa yana ji. Yanzu haka allon yana nan a shimfiɗe, Baba ya rufe shi da ƙyalle, yana aikinsa a rabin tebur. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ƙanena, kuma ka san Baba ba zai taɓa cewa ka dawo ba. Iyakar abin da zai iya ke nan, ya kuwa yi. Ban gaya wa Umma komai ba tukuna, don ina tsoron in ɗaga mata rai a kan zargi. Ka fara kiran ta, ka ji ko?

Umma tana sa maka albarka dare da rana. Auta tana gaishe ka, ta ce ta gode da kibiya. Maigidana yana gaisuwa, Kawu da matarsa ma haka. Allah Ya tsare ka, Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ambulan ɗin nan ba adireshi a bayansa. Tela zan miƙa wa, wanda har yau yake cewa bai san inda kake ba, ba kuma zan ce masa komai ba. In ya dawo mini da shi, to na zalunce shi, zan ba shi haƙuri. In kuwa idonka ya kai kan wannan layi, gari ya riga ya zauna a jikinka. Wasa ya tsaya a kanka, muna jira.

Taka har kullum,
Yayarka