Yatsu Biyu Daga Ƙasa

Ƙanwata,

Gaisuwa mai yawa. Yaya Inna da ciwon gwiwarta? Yaya maigidanki da yara?

Na ga hotonki riƙe da takardar shaida. To, barka! Shekara tara na yi a laburaren asibitinmu ina roƙon a tura ni kwas ɗin shugabanci da gudanarwa, sai da na bar ƙasar aka tuna da shi. Yanzu har likitoci suna ce miki "Shugaba", ke da na koya wa manna lamba a jikin littafi! Ba hassada nake ba, Allah ya ƙara ɗaukaka.

Ni lafiya lau. Laburaren asibitin da nake aiki hawa biyu ne, kullum ni nake fara shiga da sassafe. Sai dai goge ƙasa ne aikina. Kar Inna ta ji.

A hoton na hango lambobin littattafan bayanki sun hau sun sauka. Yatsu biyu daga ƙasa, na sha gaya miki! Jiya na ga wata a karkace a nan. Har na miƙa hannu, sai na tuna, na ja bokitina na wuce.

Yayarki