Injin Chikaji Yana Cinye Mini Kunne

Assalamu alaikum Malam Abdulhafiz. Don Allah ka taimaka mini da shawara, domin maganar nan ta kai inda ba na iya tayar da ita a gida ba tare da rai ya ɓaci ba.

Ni magidanci ne, shekarata arba'in da uku, ina zaune a Samaru da matata Rahamatu da 'ya'ya huɗu. Shekara goma sha bakwai ke nan ina aiki a wata masana'antar matsar man gyaɗa a Chikaji. Ni ke tsaye a kan babban injin daga safe har la'asar. Wanda bai taɓa shiga ɗakin nan ba, ba zai gane irin ƙararsa ba. Da hannu muke yi wa juna magana.

Wajen shekara uku ke nan iyalina suna cewa ina ɗaga murya, ina ƙure rediyo, ni kuwa na ɗauka tsokana ce. Da na sayi wayar hannu bara, duk wanda ya kira sai na miƙa wa Rahamatu ta saurara ta faɗa mini. Amma abin da ya tsaya mini a rai shi ne saukar 'yata Ummi a Islamiyya watan jiya. Aka zaunar da ni a sahun gaba, ta tashi tana karatu, ina kallon bakinta yana motsi, jama'a suna ta kabbara, abin da ke isowa kunnena kuwa kamar ana magana a cikin randa. Da muka koma gida ta tambaye ni ko ta yi kuskure, na ce mata ko ɗaya babu. Malam, ban ji karatun ba. Ƙarya na yi wa 'yata.

Washegari na je asibiti. Likita ya ce kunnen hagu ya yi nisa, na dama ma ya kama hanya. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma ana iya tsare sauran idan na rabu da ƙara.

Na sami manajanmu, Mista Nwankwo, na roƙe shi ya mayar da ni sito ko wurin awon gyaɗa. Ya ce babu gurbi, kuma babu wanda ya san halin injin nan kamar ni. Ya sa aka ba ni abin toshe kunne, amma ƙarar ratsa shi take yi. Ba zan zage shi ba. Shi ya ɗauke ni aiki ba ni da ko takardar sakandare, kuma ranar da haihuwa ta zo wa Rahamatu da gardama, da motarsa ya kai ta asibiti, ya zauna har aka fito da ita.

Muna da gonar gado a Bomo, bakin fadama. Yayana Uba yana noman rani a can, tumatir da albasa, ya daɗe yana cewa in zo mu haɗa hannu. Rahamatu ce ba ta yarda ba. Ta ce albashi komai ƙanƙantarsa an san ranar zuwansa, tumatir kuwa wata shekarar a bakin titi ake zubar da shi. Ba ta yi ƙarya ba. Ta kuma ce mutane za su ce korata aka yi.

Ni dai na yanke, zan bari. Har na sa an buga mini takardar ajiye aiki a Sabon Gari, sati uku tana aljihuna. Sau biyu ina kaiwa ƙofar ofishin Mista Nwankwo ina juyowa. Shin butulci zan yi? Ko gaggawa nake yi?

Naka, Mai Inji, Samaru.

AMSA

Wa'alaikumus salam, Mai Inji. Allah ya ba ka lafiya.

Ba gaggawa kake yi ba. Likita ya yi magana, ka nemi a canja maka wuri ba a samu ba, kuma kana da inda za ka nufa. Wanda ya haɗa waɗannan, lokacin tafiyarsa ya yi.

Butulci kuwa shi ne ka ɓace ba sallama, ko ka fita kana ɓata sunan mutum. Mista Nwankwo ya yi maka alheri, kai ma ka tsaya masa shekara goma sha bakwai. Ka kai masa takardar tare da rahoton likita, ka yi masa godiya, ka ba shi wa'adin wata guda ya sa wanda za ka koya wa injin. A cikin watan nan kada ka shiga ɗakin ba toshe kunne. Ka nemi takardar shaidar aiki da haƙƙinka na sallama, ba abin kunya ba ne. Idan ya ce zai ƙara maka albashi ka zauna, ka tambayi kanka ko ƙarin zai rage ƙarar injin.

Rahamatu ba adawa take yi da kai ba, tsoron tukunyar gida take ji, kuma tana da gaskiya. Kada ka rinjaye ta da ɗaga murya. Ka tafi da ita wurin likitan ta ji da kanta, sannan ku lissafa tare yadda za ku ci abinci kafin amfanin farko ya nuna. Ummi ma ka gaya mata gaskiya, ta isa ta fahimta.

Shi kuma Uba, kafin ka ɗauki fartanya ku zauna gaban wani babba a dangi, a fayyace inda kowa zai noma da yadda za a raba. Zumunci ya fi daɗewa idan an yi haka tun farko. Damina ta kusa ɗaukewa, ka ga ke nan za ka fita daidai lokacin shirin rani.

Abu na ƙarshe, akwai waɗanda za ka bari a ɗakin nan, ƙila su ma ana ce musu suna ƙure rediyo a gida suna dariya. Ranar sallama ka ja su waje inda za su ji ka, ka faɗa musu abin da likita ya faɗa maka.

Ranar Litinin ka ƙwanƙwasa ƙofar, ka shiga. Allah ya tsare maka abin da ya rage, ya sa albarka a ƙasar Bomo, ya kwantar da hankalin iyalinka.