Buta Guda don Inna

Hartum, watan Rajab, 1956

Zuwa ga Yaya Goni, a Fagge.

Gaisuwa mai yawa. Ina fata kana lafiya, kai da Yagana da yara. Takardarka ta iso, an karanta mini rasuwar Inna. Allah ya ji ƙanta, ya ba mu haƙuri.

Ni lafiya lau. Har yanzu ina gidan Baturen nan mai tafkin wanka, ina goge duwatsun da aka shimfiɗa a bakinsa. Sabulunsu ya kasa cire gansakuka, sai na yi haɗin Inna: toka da kanwa da sabulun salo a ruwan zafi, yadda take wanke makwararar gidanmu. Dutse ya yi fes. Hannuna ya tsattsage, amma ba komai. Ƙanshin haɗin ne dai yake tuna mini da ita, Yaya. Jiya ina durƙushe, sai na ji kamar za ta ce, "Ari, ka tsallake lungun can ba ka wanke ba."

Kullum bokiti arba'in nake kwarara wa dutsen wani, ban yayyafa ko tafi ɗaya a kabarin uwata ba. Don Allah ranar Juma'a ka ɗauki buta guda ka zuba mata. Ka ce mata Ari ne.

Ƙaninka,
Ari