An Hana Ɗan Mai Ƙuli Cin Mai

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai tarin yawa da ladabi irin na ɗa ga uwa, ina fatan Allah Ya sa kina cikin ni'imarSa, Ya yalwata miki makwanci. Mu nan Gyaɗi-Gyaɗi kowa lafiya, in aka cire ni. Na san ba a kai saƙo inda kike, amma na rasa wanda zan kai wa ƙara, don mutanen gidan nan duk sun haɗe mini kai. Shi ya sa na zauna ina dannar waya da yatsa ɗaya. Masu leƙen wasiƙar mutane kuma su leƙa, amma a yi dariya a hankali, da uwata nake magana.

Inna, ranar Juma'ar da ta wuce ɗanki ya zauna a kan mai.

Da aka sauko daga masallaci sai na biya kasuwar Tarauni wajen wata tsohuwa mai man ƙuli, ta ƙulla mini kaɗan a leda. Na zura a aljihun farar shaddata, na tare ɗan sahu. Ba mu yi nisa ba wani ƙato ya shigo ya matse ni da ƙarfen gefe. Na ji wani abu ya ce fus, sai sanyi-sanyi yana bin cinyata. Ƙaton ya ɗaga hanci ya shinshina, ya tambaye ni wai ko ni ne nake ƙamshin ƙosai. Haka na sauka na ratsa layinmu, farar riga ta jiƙe daga kwankwaso har gwiwa, ƙudaje suna yi mini rakiya, matan unguwa suna ta yi mini sannu irin wadda ake yi wa tsohon da abin kunya ya kama a hanya.

Za ki ce me ya kai mai furfura safarar mai a aljihu kamar kayan laifi. To jikarki ce, takwararki.

Ba ki san ta ba. Kin rasu da 'yan watanni surukarki Rabi ta haife ta, a shekarar da sojoji suka tattara suka koma bariki. Na sa mata sunanki, don haka bakina bai taɓa kiran sunan ba, Ummi muke ce mata. Tun tana rarrafe ban taɓa ɗaga mata murya ba. Rabi takan ce na sangarta yarinya, ni kuwa in ce ta yaya mutum zai daka wa uwarsa tsawa? Ta yi karatu mai zurfi a kan abinci da lafiyar jiki. Ni kin san inda na tsaya, aji biyu na sakandare. Ranar da na ce miki boko ya ishe ni, cewa kika yi, “Ai kai ma ka ishe shi.”

Tun daga shekarar da aka haife ta ake ta zaɓe a ƙasar nan, farar hula na sauka farar hula na hawa, amma a kicin ɗina bana aka yi juyin mulki. Na je asibiti da ciwon kai da jiri, likita ya ce jinina ya hau sosai, kuma wai kitse ya taru mini a jijiyoyi. Ummi na tsaye a bayana tana ji. Kafin mu iso gida an kafa doka. Ba mai, ba man shanu, ba nama, gishiri kuwa sai dai a nuna wa tukunya daga nesa. Ita da ma can ta daɗe da barin nama da kifi da ƙwai da nono, wai akwai mutane a duniya da ba sa cin duk abin da ya fito daga jikin dabba. Jikarki, Inna! Ranar Babbar Sallah ana ta suya a tsakar gida, ita tana gefe tana taunar kokwamba.

Duk wannan na haƙura. Abin da ya fi ƙarfina wani ganye ne wai shi kel.

Ba ki taɓa ganin sa ba, ki gode wa Allah. Kamar kabeji ne da ya ƙi naɗewa don taurin kai, bakinsa duk a yamutse, korensa har ya yi duhu. A wani babban kanti na wajen titin gidan Zu take sayo shi, an ɗaure shi da roba kamar furen amarya. Ga zogale, ga rama, ga alayyafo, ga yakuwa a ƙofar gida, duk ba su yi mata ba, wai wannan ya fi su aiki a jiki.

Bari ki ji yadda ake dafa shi, don ki san abin da ɗanki yake gani. Za ta wanke, ta zare jijiyar tsakiya, ta yayyanka. Ta ɗora tukunya a wuta haka nan ƙamas, ta zuba ruwa ɗan cokali, ta watsa albasa da tafarnuwa. Inna, albasa a cikin ruwa! Babu cuwai, babu ƙamshi, albasar tana kwance fari fat kamar ta yi jinya. Sai ta tula ganyen, ta rufe. Kafin mutum ya gama alwala ta sauke, ta matsa lemon tsami, ta barbaɗa barkono. Shi ke nan wai an gama. Sai a ajiye shi gefen shinkafa da wake, su ma tsirara, ba mai.

Ranar farko na kai loma, na tauna, na tauna, na ƙara taunawa. Ganyen yana ƙara a haƙorina kamar ana taka sabuwar tabarma. Ga ɗaci, ga tsami, ga wani wari-wari na ciyawar da ruwa ya kwana a kai. Da na haɗiye sai na ji shi ya tsaya a maƙogwaro yana tunanin ko ya dawo. Na faki ido na miƙa wa tunkiyar maƙwabcinmu Malam Idi, wadda na taɓa gani da idona tana cin buhun siminti. Ta shinshina, ta dube ni, ta juya.

Ni fa ɗan mai ƙuli ne. A gidanki na buɗe ido na ga mai.

Ina tuna ƙarar taɓarya tun rana ba ta yi zafi ba, da ke a durƙushe kina murza tunkuza har mai ya taso ya kwanta a sama. Hannayenki kullum suna sheƙi. Kayanmu na makarantar allo duk ƙamshin gyaɗa suke, yara suna tsokana ta, ni kuwa ko a jikina, don aljihuna cike yake da ƙuli mai zafi.

Ina tuna kwaɗon zogalenki. Ai shi ma ganye ne, amma ke kin san ganye maraya ne, sai an rufa masa asiri. Ki daka ƙuli, ki yanka albasa da tumatir, ki zuba mai har ya gangaro ta gefen kwano. In yayata Hajara ta kawo miki abinci ki duba, kikan leƙa ki ce, “Mayar da shi, bai yi ƙyalli ba.”

To shi ne na yi dabara. Kin san maigida a ɗakinsa yake cin abinci, a kawo a rufe, a bar shi, kwanon da ya fito shi ke ba da labari. Da Ummi ta ajiye ta fita, sai in zaro ledata daga bayan katifa in tsiyaya. Wallahi Inna, da mai har kel ɗin yakan yi hankali. In cinye tas, in goge kwanon da takarda don kada ƙyalli ya tona ni, in fito ina sa mata albarka. Yarinyar nan har rawa take. Ta riƙa gaya wa ƙawayenta wai babanta ya fi kowa son kel.

Amma akwai na'urar awon jini da take ɗaura mini a dantse kowace safiya, ita kuwa ba a goge ta da takarda. Jini ya ƙi sauka. Ummi ta rage gishirin da da ma babu shi. Ta koma wajen likita ta ce a duba maganin. Ta zauna tana ta bincike a waya, tana cewa ko ita ce take kuskure a girkin. An kira ta aiki a Abuja, aikin da ta daɗe tana nema, ta ce su yi mata haƙuri, ba za ta bar gida ba sai jinin babanta ya daidaita. Duk ina ji, ina gani, ina gyaɗa kai kamar mutumin kirki, leda tana bayan katifa.

Sai ga Juma'ar nan. Na shigo gida ina rakuɓe-rakuɓe, na tarar da ita a tsakar gida tana wanke ganyen nata. Ta dubi rigar, ta dube ni. Na ce ai baƙin man ɗan sahu ne ya zubo mini. Rabi daga bakin murhu ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin injin da yake ƙamshin gyaɗa ba. Ga kuma bakin ledar yana leƙowa daga aljihu.

Ummi ta miƙe. Ta zubar da ruwan, ta ɗauki ganyen ta shige ɗaki.

Washegari da rana ta yi sallama ta shigo da tire. Na buɗe, sai ga garau-garau, shinkafa da waken nan, yana iyo a cikin mai, ga yaji, ga soyayyen nama a sama. Yarinyar da ko taɓa nama ba ta yi, ita ta soya da hannunta. Ta durƙusa ta ce, “Baba, ga shi, ci abinka. Abu ɗaya nake roƙo, in za ka faɗi, kada ka faɗi a gabana.” Ta tashi ta fita.

Inna, ni na ba ta labarin. Tana ƙarama ta tambaye ni yadda mai sunanta ta rasu, na gaya mata. Yadda kika yi ta kukan ciwon kai kina ɗaure shi da ɗankwali kina cewa rana ce. Yadda na shigo na tarar da ke a ƙasa gefen kasko, ƙuli yana ƙonewa, bakinki ya karkace, kina kallona kina son magana ta ƙi fita. Yadda na goya ki zuwa titi, ke da kika goya ni. Na gaya mata duka, sannan na manta na gaya mata. Ita ba ta manta ba.

Abincin da na yi wata da watanni ina mafarkinsa, ga shi a gabana, na kasa kai loma. Man yana ta ƙyalli. Ban san wanda ya fi ba ni ƙyama ba a ranar, ganyen, ko man, ko mai furfurar da yake zaune a gaban tiren.

Tun daga ranar kullum haka take kawowa, mai har bakin kwano. Na'urar awon jini ta koma saman kwaba. Da safe ta gaishe ni cikin ladabi, ta wuce, babu tsokanar da muka saba, babu “ɗana ya ka kwana”. Fushinki ne sak, Inna. Ke ma ba ki zagi, sai dai ki cika wa mutum kwano ki yi shiru har ya rasa inda zai sa kansa. Ba ta taɓa ganin ki ba, ban san inda ta samo shi ba. Na Abuja kuma sun sake kira, na ji tana ce musu har yanzu ba ta shirya ba.

Yau da safe na wanke ƙafa na tafi kantin nan da kaina. Na tsaya gaban ganyayyaki ina nuni da yatsa, don na ji kunyar faɗin sunan. Na dawo na shiga kicin, wurin da rabona da shi tun ina saurayi. Rabi ta jawo kujera ta zauna a bakin ƙofa, wai ba za a ba ta labari ba. Na ɗora tukunya, na zuba ruwa, na watsa albasa. Hannuna da kansa ya miƙa wajen galan ɗin mai, Rabi ta yi gyaran murya, na dawo da shi. Na manta ban zare jijiyar ba, lemon tsami kuma ya suɓuce mini. Abin da na sauke, in aka ajiye shi kusa da na Ummi, nata dambun nama ne.

Ga shi nan a gabana cikin kwano ina rubuta miki, ya yi baƙi-baƙi yana kallona. Ba zan yi miki ƙarya ba, ba na son sa, kuma ban ga ranar da zan so shi ba. Abin da ya ɗan kwantar mini da hankali shi ne duk wa'azin da na taɓa ji a kan kayan marmarin Aljanna, ban ji malamin da ya ambaci kel ba.

Amma bashi ne a kaina, kuma ba na yini ɗaya ba. Zan ɗauki kwanon nan in je ƙofar ɗakinta in yi sallama. Zan cire hula in tsuguna yadda nake tsuguna miki in na yi laifi, duk da gwiwar nan da take ƙara. Zan cinye shi a gabanta, ba a ɗakina ba, har jijiyar. Sannan in naɗe hannun riga in miƙa mata dantse, in ce ta sauko da na'urar. Gobe ma haka, jibi ma haka, har jinin ya sauka ta ɗauki jakarta ta tafi aikinta da kwanciyar hankali. Ke ban samu na ce ki huta ki je asibiti ba, ina ta cin ƙuli ina wasa. Wannan uwar tawa ta biyu ba zan bari ta tarar da ni a ƙasa ba, in dai abin a hannuna yake.

Allah Ya jiƙan ki, Inna, Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki fiye da yadda kika haskaka kwanukanmu. Allah Ya saka miki da Aljanna a kan kowace taɓarya da kika ɗaga dominmu. Ya raya takwararki, Ya ba ta mijin da zai iya cin girkinta. Ni kuma Ya ba ni maƙogwaro mai haƙuri.

Bari in tashi. Rabi ta ce in ya huce ya fi haka muni.

Ɗanki mai taurin kai,
Bala