Waccan ta Tambuwal

Tambuwal.

Ƙanena Sama'ilu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, da Inna, da matarka Hamdiya, da aikin asibiti. Na san za ka yi dariya, ga waya a hannuna na tsaya ba direban Kebbe takarda. Abin da zan tambaye ka ne bakina ba zai iya furtawa ba.

Ƙungiyarmu ta marubuta, da muke haɗuwa ran Asabar a makarantar da nake koyarwa, za ta buga littafin gajerun labarai. Na rubuta nawa a kan Inna, tunda tatsuniyoyinta ne suka jefa ni wannan harka. Ina karanta musu, na zo inda uwar ta rungume 'yarta ta fari ta ce, "Ina alfahari da ke." Sai Malama Zaituna, shugabarmu, ta cire tabarau ta tambaye ni a wace ƙasa aka haifi wannan tsohuwa. Malam Abdurra'uf kuwa cewa ya yi a fim na samo ta. Sun ce in sake, ko a buga babu ni.

Na ji haushi, amma sun yi gaskiya. Ni ce 'yar fari, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, balle ta yaba mini. Na san kunya ce ta al'ada, amma sanin bai hana abin yi mini ciwo ba. In gaskiya zan rubuta, me zan rubuta? Ka faɗa mini tsakaninka da Allah, ta ma san ina rubutu? In ba ta damu ba, zan ajiye alƙalami in huta.

Yayarka,
Hanifa.

Kebbe.

Yaya Hanifa,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Hamdiya na gaishe ki. Allah Ya saka wa Malama Zaituna, da ni ne na faɗa da kin yi wata ba ki kula ni ba.

Wai ta san kina rubutu! Duk ranar da kika turo labari ta waya, ban san yadda Inna take ganewa ba. Sai ta ɗauko faifanta na wake ta zauna ta juya mini baya, ta ce, "Karanta ma Hamdiya abin da waccan ta Tambuwal ta aiko." Rannan Hamdiya ma tana Jabo wajen suna, gidan daga ni sai ita sai kaji, amma haka ta ce. Da na rage murya don tsokana, ta ce in ɗaga, Hamdiya ba ta ji.

In labarin ya zo wurin tausayi, hannunta yakan tsaya cak a kan faifai. In na gama kuwa, miyar ranar takan sha nama.

Ki ajiye alƙalamin mu gani, wa zan riƙa karanta wa Hamdiya?

Ƙanenki,
Sama'ilu.

Tambuwal.

Sama'ilu,

Gaisuwa mai yawa. Na yi kuka da takardarka, na kuma yi dariya, sannan na zauna na sake labarin daga farko, da faifan da waken da Hamdiyar da ba ta gida.

Ƙungiya ta sha aiki a kansa. Malam Abdurra'uf ya mayar wa Inna da Sakkwatancinta, don na sa ta tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Malama Zaituna ta yanke shafin ƙarshe inda na tsaya bayanin soyayyar uwa, ta ce faifan ya riga ya faɗa. Mun yi musu sosai, ta yi nasara. Ranar da na karanta gyararren, Malam Abdurra'uf ya miƙe ya tsaya bakin taga yana gyaran murya. Ashe shi ma ɗan fari ne.

An buga littafin, kuma labarina ne ya buɗe shi. Farin ciki kamar in yi tsalle a gaban ɗalibai. Ga naka nan. Tsorona ɗaya, kada Inna ta ce na tona mata asiri a duniya. Ka karanta wa Hamdiya, ka faɗa mini.

Hanifa.

Kebbe.

Yaya,

Salam. Na karanta, matan unguwa sun cika tsakar gida. Inna ta juya baya kamar kullum. Da na kai ƙarshe aka rangaɗa guɗa, ita ko ɗagowa ba ta yi ba, sai cewa ta yi, "Ba wake nika tsinta ba, gujiya nika ɓara. A faɗa ma waccan ta gyara."

Ni dai bayanta nake gani, ban taɓa leƙa faifan ba.

Ta karɓe littafin ta naɗe a sabon zanenta ta sa a akwati, ko ni sai da izini. Kuma ta ce in an yi hutu ki taho, akwai labarin kakarmu da ba ta taɓa ba kowa ba. Wai za ta ba Hamdiya, ke ki zauna kusa.

Ki zo da alƙalami.

Sama'ilu.